Birkin Mahfuzu

Duk Ibohamane babu wanda bai san Mahfuzu ɗan kabu-kabu ba, kuma babu mai gaggawar da ke hawa motonai. Ba wai bai iya tuƙi ba. Ya iya, wallahi ko cikin rairayin gulbi ba ya kada mutum. Ciwonai guda ne: tsuntsu. Kuna tsakiyar gudu sai ka ji ƙiii, hancinka ya daki ƙeyatai, shi kau ya miƙa yatsa sama shina raɗa: "Dubi, dubi, cilakowa!"

Tun shina yaro haka shike. Ubanai kan aza shi bisa rumhwa tsakiyar dawa ya kori tsuntsayen jan baki, sai a iske gwangwanin kora ƙasa, shi baki buɗe shina kallon yadda garken ke juyawa. Ya sha bulala, bai daina ba. Lakkwal ma, cikin aji, tagar yaka bi da ido har anka gaji da shi. Yat tahi bida Abijan, kowa na dawowa da labarin teku, shi da labarin wani tsuntsu mai jan wuya yad dawo. Allah ya sa dai da moto cikin kayan.

Abokin haukan nai shi ne Ridwan, taubashinai, mai garkar albasa cikin hwadama. Su biyu suna da gasa. Shekararsu tana somawa ran da shamuwa ta hwarko tas sauka bisa itacen tsakar gari, tana ƙarewa ran da tad dawo baɗi. Wanda yag ga irin tsuntsu mai yawa shi ac ci. Wanda anka kayar, shi zai yi ma ɗan'uwan noman hwarko, kowa na wucewa na mashi dariya. Alƙali kau Alƙasim mai shayi ne, mutumin da in yac ce a'a ko maigari ba ya juya shi. Dokatai: tsuntsu ba ya shiga lissahi sai da shaida.

To Ridwan zaune shike cikin garka, tsuntsaye na zuwa shan ruwa, maƙwabta na shaida. Mahfuzu hwa? Ba ya da shaida sai wanda yad ɗauko. Shi ya sa ba tsayawa kaɗai shike ba, sai ka duba, sai ka ce ka gani, sai da marece ka biyo wajen Alƙasim ka rantse. Akwai matar da anka tsaida da kwanon ƙwai bisa cinya don ta shaidi zalɓe. Akwai malamin da yar rasa rabin ɗaurin aure saboda carki bisa bayan bijimi. Yau ko tsohuwar Ibohamane ka tambaya za ta rarrabe maka hasbiya da kurciya, ba da sonta ba.

A haka Aziza tag gan shi tac ce shi take so. Ƙawayenta sunka ce ta haukace. Tac ce: "Ku bar min shi. Naku mazan in sun waiwaya kun san abin da sunka gani? Nawa na sani."

Sai dai Aziza tana da Goggo, ƙanwar ubanta, mai saida gabu, busasshen ganyen albasa. A gidan nan ubanta ke ɗaga murya, Goggo ke yanke magana. Da magabatan Mahfuzu sunka zo, tac ce a aiko mata da shi kanai. Yaz zo yad durƙusa nesa, ido ƙasa.

"Kai ne Birki?" tac ce.

"Mahfuzu, Goggo."

"Na ji. In ɗiyata na naƙuda ka ɗauko ta zuwa likita, ka ga balbela, ya za a yi? Ta haihu gindin ƙaya tana shaida?"

"Goggo, balbela ai tun hwarkon shekara na..."

"Ka ji shi ko! Ran kasuwar Keita za ka kai ni. Ba ka taka birki, ba ka juya wuya, ba ka miƙa min yatsan nan. In mun isa haka, Aziza taka ce. In ba haka ba, ka tahi ka auri shamuwa."

Lokacin bazara ce, rana kamar ta narka kai, gajimare sun soma leƙowa gabas. Shamuwa ko yau ko gobe. Shi da Ridwan kau kunnen doki suke, babu wanda yah hi wani ko da gashi guda. Ridwan da yaj ji sharaɗin har ƙasa yak kwanta don dariya. "Taubashi, in ara maka takunkumin raƙumi?"

Ran kasuwa Goggo tah hau, buhun gabu tsakaninsu. Mahfuzu yaj ja hula har girar ido, yak kahe wuya kamar an ɗaura mashi kara. Shirwa tab bi su da inuwa, bai ɗaga kai ba. Hwakara tag gilma gaban taya, yaw wuce abinai. Goggo kau ba ta bar shi lahiya ba.

"Ɗana, wancan mai dogon bindi bisa aduwa, mi sunanai?"

"Hanya nike dubi, Goggo."

"Kai, ga wani shuɗi!"

"Allah shi ba shi lahiya, Goggo."

Har sunka kusa Keita, inda hanya ke bi gehen tabki. Ruwan ya janye, sai laka da ɗan tsakiya. Nan Mahfuzu yaj ji wani kuka. Bai taɓa jin shi ba sai bakin kakanai, amma cikinai yag gane tun kahin kunnenai. Gauraka. Tsuntsun da tsohhi ke cewa da can yana zuwa, wanda shi da Ridwan sunka yi shekaru suna ambato ba su taɓa sa ido ba.

Wannan karon Goggo ba tsokana take ba. Muryarta ma ta sake. "La ilaha illallahu. Biyu ne. Dubi tukkunsu kamar an tsoma tsintsiya cikin zinariya. Rabona da su tun ina budurwa."

Ƙahwar Mahfuzu tah hau bisa birki da kanta. Yaj janye ta. Moto na tahiya sannu kamar jakin da ba ya son kasuwa, amma bai tsaya ba. Wuyan nan bai motsa ba. Sai da sunka wuce, cikin madubin hannun hagu, tsagagge, mai ƙura, yag ga dogayen wuya biyu da kumatu hwarare, suna ƙanƙancewa har tudu yar ruhe su.

Da marece teburin Alƙasim ya cika, don labari ya riga su gida. Ridwan na zaune shina kaɗa ƙahwa, shi ma ya samu sabon tsuntsu yau, wata kirinjijiya da ta ɓata hanya taz zo rijiyatai, shaidu har uku. Goggo da ba ta taɓa tsayawa wajen maza ba taz zo tad dasa sandarta.

"Birki, gaban mutane. Ka gan su ko ba ka gan su ba?"

Idanu sunka koma bisa Mahfuzu. In yac ce bai gani ba, ya yi ƙarya kuma gauraka ta tahi. In yac ce ya gani, wa zai yarda wuya bai juya ba?

"Na gan su, Goggo. Cikin madubi. Wuyana kau ke ce shaida."

Goggo tad dube shi har ya soma ƙaiƙayi. "Wuya bai juya ba, na gani. Abin cikin madubi kau ba tsuntsu ba ne, hoto ne. Ni ma kullum ina ganin wata tsohuwa ciki, ban san ta ba. Ba ka karya sharaɗi ba. Ku turo a sa rana."

Mahfuzu yay yi tsalle, yaj juya wajen Alƙasim baki har kunne. "To sa min gauraka!"

Alƙasim bai ko ɗaga kai daga tukunyar shayi ba. "Ba ka ji surukarka ba? Hoto ne. Ni ba ni ƙirga hoto."

Washegari da asuba Mahfuzu yad ɗauki Alƙasim kanai sunka koma tabki. Sawun ƙahwa kaɗai sunka iske cikin laka. Kahin mako ya zagayo shamuwa tas sauka, Ridwan yac ci shekara, ango yay yi mashi noman hwarko da lalle bai gama hita hannunai ba.

Yanzu duk Ibohamane mutum guda ce tag ga gaurakan nan ido da ido. Duk ran da Mahfuzu yaz zo gaisuwa, yad durƙusa ido ƙasa yadda ya kamata suruki, sai Goggo ta gyara zama ta kwatanta mashi su tun daga tukku har ƙahwa. Ba ya da bakin gyara mata. Jiya Aziza tac ce a bakin Goggo yanzu sun kai tsawon raƙumi.