Dokar Mutum Biyu

Sai da na shekara biyu a Minna kafin wata takarda ta nuna min cewa ba ni da kowa a garin. Ina karatun digiri na biyu ne, ina bincike a kan wani kwazazzabo da ruwa ke ci a bayan jami'a, ta wajen Garatu. Aikin na buƙatar hoto daga sama, shi ya sa sashenmu ya koya min tuƙa ɗan jirgin nan marar matuƙi, har aka ba ni shaida.

A jami'ar ba a tayar da shi haka kawai. Sai an cike fom a ofishin tsaro, a faɗi rana da wuri, ba a bi ta kan ɗakunan kwanan ɗalibai, ba a wuce tsayin da aka yanka. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne dokar mutum biyu: mai tuƙi idonsa na kan allo, dole a sami wani a gefe yana bin jirgin da ido, kuma sunansa ya shiga fom. Mako ɗaya aka ba ni. Ga damina ta kawo kai, in ruwa ya sauka aikina sai baɗi.

Lokacin hutu ne, ɗalibai sun watse. Na zauna a ɗakina a unguwar Sauka Kahuta ina bin lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya. Ni dama ba mai shiga mutane ba ce, daga ɗaki sai aji, gaisuwa ma sai na ga ba yadda zan yi. Mutum uku na kira. Biyu suka kawo uzuri, ta ukun sai da ta tambaye ni wace ce. Na ji kunya, na ji haushi, kuma haushin kaina ne. Har na raya a raina in rubuta sunan ƙarya in tafi ni kaɗai, wa zai gani a dajin nan? Tsoro ne ya hana ni, ba kirki ba.

Akwai wata ƙa'idar kuma, ta sanar da manoman da za a bi ta saman gonarsu. Na je ne don kawai in fita hakki. Na tarar da wani tsoho yana gyara kunyar doya, na gaishe shi, na yi masa bayani, na ƙara da cewa wataƙila ma ba za a yi ba, don ban da mai duba min sama.

Ya dogara fartanya ya dube ni, ya amsa da Hausarsa da ba ta gama nuna ba.

"Malama, ni ina da ido. Shekara nawa ina kora tsuntsu a gona dawa? Kai rubuta ni."

Washegari muka je ofishin tsaro tare. Jami'in ya karanta masa dokar, ya ce babban abu shi ne kada ya yi shiru muddin jirgin na sama.

Baba kuwa ya riƙe wannan da gaske. Da safe na tayar da jirgin, ya kare ido da hannu ya fara.

"Yana nan, Malama. Ya wuce mangwaro. Shirwa yana zuwa ta hagu, bari ya wuce. To, yana nan."

In ba abin faɗa, sai ya shiga labarin gwiwarsa, da 'yarsa da ke aikin asibiti a Legas, da yadda kwazazzabon nan yake 'yar hanyar awaki sanda yana yaro. Idonsa dai bai bar sama ba. Ni kuma ina ta cewa "To, Baba", na lura tun zuwana garin ba wanda ya taɓa yi min magana mai tsawon haka.

Na gama hotunana tun batir bai kai rabi ba. Ban gaya masa ba. Na tsayar da jirgin a saman kwazazzabon, a cikin iyakar da aka yanka min, ina danne-dannen banza kamar mai aiki, shi kuma yana ta zuba. Sai da batir ya fara kuka na sauko da shi.

"Har an gama?" in ji shi.

Na ce an gama, Baba. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.