Raƙumin Da Ba Shi Da Akala

Sanyin Tamanrasset ba ya wasa da yara, don haka ana gama sallar magariba muke kewaye murhun Kaka a tsakar gidanmu na unguwar Tahaggart. Daga Damagaram ta biyo babanmu, ta zo da tatsuniyoyinta. Ba a zaune take ba da su ba. Takan miƙe ta yi tafiyar raƙumi, ta durƙusa, mu yi ta dariya.

"Ga wata ta taso daga rairayi," in ji ta.

"Ta iso, mu tarbe ta!" muka amsa.

Wani falke ne da raƙuma biyu. Ɗaya mai akala, ko da yatsa ka ja shi sai ya bi. Ɗayan ba ya son akala, ubangidansa yake kwaikwayo: in ya yi gudu ya yi gudu, in ya tsaya ya tsaya. Falke ya sayar da mai akala, don kowa wancan yake yabo. Ran nan zazzaɓi ya kayar da shi a hamada, rijiya tana bayan tudu. Raƙumi ya dube shi, shi ma ya kwanta. A nan aka tsince su.

"Kaka, don me bai tashi ba?"

"Wa zai kwaikwaya, jikalle?"

Na girma, na yi iyali, ɓarin jikin Kaka na dama ya shanye. Likita ya ce ta riƙa motsa hannu. 'Ya'yana suna da tsohon wasan tele, wato talabijin, wanda ake zaune ana danna maɓallai da babban yatsa. Na ba da shi, na kawo sabon, wanda ke kallon jikin mutum: ka wurga hannu, ɗan mutumin cikin tele ya wurga. Na zaci zai tayar da ita.

Muka zaunar da ita gaban tele. Ta cije leɓe, gumi ya keto mata, hannun bai ɗagu ba. Ɗan mutumin yana tsaye, yana jiranta.

"Ina mai maɓallan nan?" ta ce. "Yatsana na hagu yana aiki."

Na ce babu shi.

"To, kashe, jikalle. Na gaji."

Ba ta ga wani sanyin ba, ta rasu. Muna yara, na ɗauka wautar raƙumi take nuna mana. Yanzu na san maganar masu kwanciya take yi, da abubuwan da ake ƙera wa masu lafiya kaɗai. Yaran suna tsalle gaban sabon wasan kullum. Ni ɗaki nake shigewa.