Jelar Sauti

Tun suna yara Yaya ke waƙa, ƙanenta yana buga mata gwangwani. Da ya girma ya koma fiyano mai lantarki, har a gida Mai Fiyano ake ce masa. Ita ta sa shi a ƙungiyarta, ita ta yi masa aure, kuma 'yarsa ce yanzu ke yi mata amshi. Yarinyar tana da murya, wannan kam Yaya ba ta musa ba.

A gefen fiyanon akwai 'yan maɓallai huɗu da ake turawa sama da ƙasa. Na farko shi ke sa sauti ya faɗo kwatsam ko ya shigo a hankali. Na biyu da na uku, yadda zai lafa ya zauna. Na ƙarshe jela ce, wato amon da ke saura bayan an ɗaga yatsa. Shi kuwa duk wanda ya yi aiki da shi ya san ba ya son jela: yana ɗaga hannu, tsit.

Bana sai jelar ta fara tsawo. A ɗakin atisaye Yaya ta lura duk inda za ta ja baiti, kiɗan ya biyo ta ya lulluɓe ƙarshen. Kullum sai ƙanen ya ƙara tura maɓallin jelar sama kaɗan, kansa a sunkuye. A ganinta, binne ta yake yi da ranta ke nan, mutane su saba da rashin jin ta, ranar da 'yarsa za ta karɓi makirfo babu mai tambaya.

"Auta, wa kake rufewa da wannan bargon?"

"Salo ne, Yaya."

"Da furfurarka ka koyo salo? Mayar min da shi inda yake."

Ya dube ta, ya dubi 'yarsa, ya ja maɓallin ƙasa.

Suka ɗauko waƙar. Ta ja baitin, ya ɗaga hannu, kiɗa ya yanke. Ashe muryarta ta riga shi yankewa. Cikin shirun, lasifika ta fito da hakinta ƙarara, kamar wadda ta hau bene da gudu. Mai ganga ya shiga duba sandarsa.

Ta dubi ƙanenta. Asirinta yake rufawa, ko dama jira yake ta tona shi da bakinta a gaban kowa? Fuskarsa ba ta gaya mata komai ba.

"Tura shi sama," ta ce. "Ba can ba, tsakiya."

Ta juya ga yarinyar ba tare da ta kalli uban ba.

"Ke kuma matso nan. Ƙarshen kawai za ki kama min, kin ji? Ƙarshen kawai."