Alkawarin da Shahanara Apa Ta Bari

Ranar Talata, sha shida ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Shahanara Khatun, babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin mata na asibitinmu. A bakin aiki ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ce hawan jini ne. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Apa, haka dukanmu muke kiranki, domin kin zame mana babbar yaya. Yau da ke nake magana, kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai fushi a cikin kukana.

Ke kika koya mana cewa mai jinya ma mutum ce. Ranar da na fara aiki kika same ni ina haɗiye busasshiyar gurasa a tsaye a bayan ƙofa. Kika ƙwace, kika buɗe kwanonki na shinkafa da kifi, kika ce, "Zauna, Tahmina. Cin tsaye na akuya ne. In kin faɗi, wa kike so ya ɗauke ki, marasa lafiyar?" Sanda 'yata ta fara kiran surukata "mama" saboda rashin ganina, ke kika kore ni gida, kika tsaya a madadina.

Ke ce kuma kika riƙe al'adar nan tamu da hannu biyu. In Sallah ta zo, 'yan'uwanmu Hindu su karɓi dutinmu mu tafi gida. In bikinsu na Puja ya zo, mu karɓi nasu. Kowace shekara Mitali Biswas ke tsaya miki ranar Idi, ke kuma ki tsaya mata, ta dawo miki da alewar kwakwa daga ƙauyensu ki ci kina kushewa. "Mitali, sukari ya ƙare a garinku ne?" Ita kuma ta ce, "To ajiye mana, Apa, ai na ga ta huɗu ce a hannunki."

Abin da ya ɓata min rai shi ne, dokar da kika kafa mana ba ki taɓa bin ta ba. Kin auna jinin kowa, naki kika ce sai gobe. Duk wadda ɗanta ya yi zazzaɓi, ke ce mai ninka duti, ki gama na safe ki zarce na rana. Mijinki Malam Mottaleb ya gaji da jira a bakin ƙofar asibiti da lema a hannu.

Bana mahaifiyar Mitali ta tsufa ƙwarai, kuma kin yi wa Mitali alkawarin za ta yi Puja a gaban tsohuwar. Bayan jana'izarki Mitali ta zo da jajayen idanu ta ce ta fasa tafiya, hannu ya yi kaɗan a ɗakinmu. Ta ce in ba haka ba, sai dai wata ta ninka. Na ce mata, "Didi," wato yaya, kamar yadda nake kiranta, "za ki tafi, ko da ɗaukarki zan yi in saka a mota."

Mun zauna mu uku, ni da abokan aikinmu Rokeya da Nasrin, muka raba kwanakin dutin Mitali a tsakaninmu. Mun kuma je ofis muka tsaya kai da fata sai da aka aro mana mutum ɗaya daga ɗakin yara. Ba wadda za ta ninka, yanzu ko nan gaba. Kowace Asabar kuma za mu auna jinin juna kafin mu taɓa na kowa.

Allah Ya jiƙanki, Apa, Ya yafe kurakuranki, Ya sa tsayuwar da kika yi a kan marasa lafiya ta zame miki haske a kabari. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Mottaleb, da 'ya'yanki Sabbir da Rumana, da dukan dangi. Allah Ya ba su haƙuri da dangana.

Mitali ta hau mota jiya da safe. Alkawarinki ya cika, sai ki huta.