Duwatsun Banɗakin Sufeto

Shekara talatin da takwas Baba Mai Tayil ya yi yana durƙuso a ɗakunan mutane. Gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi, kuma ko a tsaye yake sai ka ga ya ɗan sunkuya, idonsa a ƙasa yana duba daɓen duk gidan da ya shiga. Nasa banɗakin kuwa da ragowar tayil ɗin aiki ya shimfiɗa shi, wannan fari, wancan shuɗi, wani mai zanen fure. Matarsa takan ce banɗakin ya fi kama da zanin da aka yi wa faci. Sufeto yake kiranta, don ba ya gama aiki a gidan ba ta zo ta taka shi da ƙafa ta fitar masa da aibu ba.

A banɗakin nan ta faɗi wata safiya. Likita ya ce hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, suna fitowa ya ce wa babbar 'yarsu, "Santsi ne. Ni na san tayil ɗin da na sa."

"Baba, ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji. Shi ya taɓa shiga banɗakin?"

Kwana uku da sallamo ta ya ɗauki guduma ya farfashe daɓen. Ya je wurin wani mai sayar da kayan gini da suka daɗe tare, ya samo ƙananan duwatsun rafi waɗanda ake mannawa a raga, wasu kamar ƙwan kaza, wasu kamar ƙwallon dabino, babu biyu masu tsayi ɗaya. A lissafinsa, ƙafa ba ta zamewa a kan irin wannan. In Sufeto ta miƙe, za ta tsaya ta yi wankanta da kanta, ba sai an riƙe ta kamar jaririya ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, ya kuwa sani, don duk ranar da 'yar ta zo yi mata wanka sai ta juyar da fuska bango.

Shimfiɗa duwatsun bai ba shi wuya ba. Cike tsakaninsu shi ne aikin. Tayil mai sumul, ka zuba simintin cikewa ka ja da roba, an gama. Dutsen rafi kuwa sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ka danna simintin ya shiga kowane lungu, ka jira ya ɗan sha iska, sannan ka bi da jiƙaƙƙen soso kana fito da kan kowane dutse. In ka yi gaggawa ka kwashe simintin, in ka yi jinkiri ya kame a kan dutsen. Tsakanin biyun bai fi rabin awa ba.

Ya cike rabin daɓen, ya jiƙa soso ke nan, sai ya ji ƙara daga ɗaki. Sufeto ce ta yi ƙoƙarin jawo kofin ruwa ta zamo daga gado. 'Yar ta tafi wurin aikinta, gidan babu kowa. Da ƙyar ya mayar da ita, ya sauya mata kaya, ya sauya shimfiɗa. Ta riƙe masa riga da hannun da ke aiki ta ƙi saki, tana kuka ba sauti. Ya zauna a gefenta, simintin hannunsa yana bushewa yana tsattsagewa, yana sane da abin da ke faruwa a banɗaki, bai tashi ba sai da barci ya ɗauke ta wajen la'asar.

Da ya koma, rabin daɓen ya zama toka-toka, duwatsun sun nutse a ƙarƙashin busasshen siminti. Kwana tara ya yi yana kankarewa da burushin ƙarfe da ƙusa. Yatsunsa suka fashe, gwiwar hagu ta kumbura har sai ya kama bakin ƙofa kafin ya miƙe. 'Yar takan tsaya a kansa da jakarta a kafaɗa.

"Baba, don Allah ka bari haka. Mama ba za ta sake tsayuwa ba, sun faɗa mana."

"Matsa, 'yar nan, kin tare mini haske."

Ranar da ya gama, ya wanke daɓen sau uku. Ya yi kyau, babu ƙarya, duwatsun suna sheƙi kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa. Shi da 'yar suka tallabo Sufeto, suka sauke ƙafafunta a kai. Ta dama ta lanƙwashe kamar tsumma. Ta hagu kuwa, da ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba, duwatsun suka soke ta, ta janye ta tana girgiza kai. Suka kawo kujerar robar da ake zaunar da ita a yi mata wanka. Kujerar ta ƙi zama. Duk inda aka ajiye ta, ƙafa uku ne a ƙasa, ɗaya na lilo. 'Yar ta gwada nan, ta gwada can, ta sa tsumma a ƙarƙashi, da uwar ta zauna sai kujerar ta karkata, da ƙyar suka tare ta.

"A tsohon daɓen tana zama daidai," in ji 'yar a hankali. Ba da nufin cin fuska ta faɗa ba.

Daga ranar a ɗaki ake yi mata wanka, a kan leda, da baho da tawul. Baba ya ce zai fasa ya sake, amma gwiwar ba ta ƙara yarda ya durƙusa ba. Masu kiransa aiki suka kira sau ɗaya, sau biyu, suka nemi wani.

Bayan wata huɗu surukinsa, mijin 'yar, ya zo da mota. Ya yi magana cikin ladabi, ya ce zirga-zirgar ta yi wa matarsa yawa ga yara ga aiki, gara Mama ta koma wurinsu. Akwai wuri har da na Baba in yana so. Baba ya ce a'a, wa zai kula da gidan? Shi ya naɗe mata kayanta, ya sa magungunan a leda, ya rubuta lokacin kowanne a jikin kwali.

Yanzu ranar Asabar yake zuwa ganinta, mota biyu yake hawa. Wani zuwan takan gane shi, wani zuwan ta bi shi da ido kawai. Yakan zauna awa biyu ya ba ta labarin unguwa, wanda ya tashi da wanda ya tare, sannan ya kama hanya tun da sauran rana, don motar ƙarshe ba ta jira kuma shi ba ya iya sauri.