Muryar Baba da Cittar Inna

A wajen Inna babu cutar da ta fi ƙarfin citta mai 'ya'ya. Tari ne, mura ce, kumburin ciki ko ciwon haƙori, sai ta fasa ɓawon, ta zubo maka ƙwayoyin a tafin hannu, ta ce ka tauna. Kana tauna hawaye na zuba, ita kuwa tana cewa ai ciwon ne yake fita. Baba ya sha yi mata tsiya, wai ko ƙafar mutum ce ta karye, Inna citta za ta ba shi.

Baba shi ne ladanin masallacin layinmu a Tudun Wada tun kafin a haife ni, kuma yana ji da muryarsa. Ya sha gaya mana har a unguwar Kongo ana jin kiransa. Ba mu taɓa musa masa ba, amma dai ba wanda ya zo daga Kongo ya ba da shaida.

Wata damina tari ya kama shi, muryar ta dishe. Likita ya ce har da tsufa, ya huta. Dattawan masallaci suka sa wani tela na bakin titi ya riƙa kira kafin Baba ya warke. Telan kuwa yana da murya, abin da ya fi ɓata wa Baba rai ke nan.

Sai ga Baba, mai yi wa citta tsiya, yana leƙa madafa. "Wannan abin naki, da saura?"

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanne, Malam? Na karaya?"

Ta daka cittar da kanumfari, ta kwaɓa da zuma, ya riƙa lasa safe da yamma yana gumi. Don kada maƙwabta su ji gwajinsa, sai ya zagaya bayan ɗaki, ya tura kai cikin tsohuwar randa ya yi kabbara. Mu kuwa muna ɗaki muna toshe baki da zane.

Tarin ya tafi, maƙogwaro ya daina zafi. Wata Laraba Baba ya sa farar riga, ya ce shi zai kira La'asar. Muka yi cirko-cirko a tsakar gida. Kabbarar farko ta fita tsaf, har Inna ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Yana kaiwa shahada muryar ta tsinke. Lasifika ba ta rufa masa asiri ba, duk layin ana jin numfashinsa. Bai ajiye ba, ya lallaɓa kamar mai raɗa har ya kai ƙarshe. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Da ya shigo bayan salla, Inna har ta ɗauko turmi.

"Bar shi," in ji Baba. "Na ce wa tela ya ci gaba."

Ya zauna kan tabarma, ya cire hula. Can ya juyo wajenmu. "In Magariba ta yi ku yi mini shiru. Ina so in ji ko telan yana jan kiran daidai."