Kusoshin Kawu Masu Kusurwa Shida

Jiya ɗana ya kawo mini tsohuwar motar wasansa ta rimot, wadda aka sayo masa a Maraɗi, wai taya ɗaya tana girgiza. Da na kifar da ita, sai na ga kusoshin da Kawu ya ɗaura mata. Ƙanin mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo a kasuwar Isa, Allah ya jiƙansa.

Ranar da muka kai masa motar, rumfarsa cike take da hayaƙin dalma da ƙamshin shayi. Ya kwance kusoshinta masu kan gicciye duka, ya ɗaura masu rami mai kusurwa shida.

Na ce, "Kawu, ai ba su lalace ba."

Ya ce, "Ɗiyata, mai gicciye sukudireba na zame mai, ya cinye kan. Alanki kuwa, in ya shiga raminai, ya zauna ke nan."

Alankin, ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne na ɗaure irin kusoshin nan, wanda yake sokewa a naɗin hularsa. Da la'asar muka gangara gulbi. Motar ta yi ta shawagi a kan yashi, tana barin sawu kamar na ƙadangare. Kawu yana murmushi, hannayensa ɓoye cikin riga.

Sai jiya na gane. Tun lokacin hannunsa ya fara rawa, kuma ba ya son a ce masa ya rufe rumfa. Shi ya sa ya zaɓi ƙarfen da zai riƙe masa hannu.

Kawu, Allah ya sanyaya makwancinka, ya zaunar da kai inda babu abin da ke zamewa.